Na gama biyan rance amma banki ya saka sunana cikin masu taurin bashi, zan iya neman diyya?

Mai_Riɗi:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sanin harkar banki da lauyoyin cikinmu ku taimaka min da shawara, wallahi abin nan ya tsaya min a rai, sati uku kenan ko barcin kirki ba na yi.

A watan Maris na 2022 na karɓi rancen naira dubu 600 a wani ƙaramin banki nan Kano, irin masu ba 'yan kasuwa ɗin nan, ba zan kama suna ba. Yarjejeniyarmu in riƙa zuba dubu 62 duk wata har wata 12, kuma Allah shaida ne ban taɓa tsallake ko wata ɗaya ba. Zubin ƙarshe ya faɗo a Fabrairun 2023 lokacin wahalar canjin kuɗi, kun dai tuna yadda aka sha, ba kuɗi a hannu, in ka buɗe manhajar banki sai ta yi ta juyawa kamar fanka. Ranar na gwada turawa ta wayata ya fi sau goma ya ƙi, sai na je wajen wani yaro mai POS a bakin kasuwa ya cira a katina ya tura musu ta nasa asusun. Ya ba ni ɗan rasit ɗin nan, na ɗauki hotonsa na tura wa jami'in da ke kula da rancena ta WhatsApp, ya amsa min da "an gani Alhaji, mun gode". Ni dai a wajena magana ta ƙare daga nan, ba wanda ya sake kirana ko a waya.

To bana da kaka ta kama sai na nemi wani banki mara ruwa su saya min riɗi na miliyan 4 in biya su a hankali, don ni harkata kenan a Dawanau, in saya da kaka in ajiye. Komai ya tafi daidai, har sun zo sun duba sito, kwatsam sai jami'in ya kira ni gefe yana magana ƙasa-ƙasa wai Alhaji sunanka ya fito da ja, ana bin ka bashi tun 2023 ba ka biya ba. Na ce wane ni? Ya juyo min da kwamfutar, ga sunana ga BVN ɗina ga sunan wancan bankin, wai ana bi na dubu 187 har da tara. Kunyar da na ji a wajen nan ba ta faɗuwa, ga shi da wanda zai tsaya min muka je, dattijo ne abokin mahaifina.

Na je wajen bankin farko, wancan jami'in ya bar aiki tuni. Manajan ya ce su a na'urarsu zubi 11 suka gani. Na kawo rasit ashe rubutun ya goge fes ya koma farar takarda, sai hoton da ke waya. Ya kalla ya ce ai wannan ba sunana ba ne a jiki sunan mai POS ne. Ƙarshe wai don mutunci in kawo dubu 90 su yafe sauran su goge sunan. Riɗi kuwa ya riga ya tashi, kakar ta wuce ni ina kallo.

Tambayata biyu ce. Ya zan yi a wanke sunana? Sannan asarar da suka ja min da zubar min da mutunci, akwai hanyar da zan bi su biya ni diyya ko kuwa sai dai in bar wa Allah?

Kwandala:

Wa alaikumus salam. Alhaji ni dai shawarata ka ba su dubu 90 ɗin nan ka huta. Shari'a mace ce da ciki, kuma kai da banki wa ya fi wani lauyoyi? Kafin a gama ɗage zama ka kashe ninkin wannan kuɗin a mota da lauya. Ka biya ka karɓi takardarka kaka mai zuwa ta same ka a shirye. Allah ya mayar da alheri.

Tsohon_Akawu:

Malam Kwandala ka yi haƙuri amma wannan shawarar kam a'a. Alhaji kar ka ba su ko sisi tukuna. Na yi shekara tara a sashen rance kafin in bari, bari in gaya maka abin da zai faru in ka biya. Ba goge sunanka za su yi ba, ba su ma da ikon goge tarihi haka kawai, abin da za su aika shi ne wannan mutumin ya yi taurin bashi kusan shekara biyu daga baya aka sasanta aka yafe masa wani abu. Wato jan zai ragu amma tabon yana nan, duk bankin da ya duba zai gani, kuma ka sa hannu da kanka ka amsa laifin da ba ka yi ba, ranar da ka ce za ka nemi diyya wannan takardar za su fara zaro maka.

Abin da nake zato ya faru, kuma na ga irinsa ba adadi musamman a watannin canjin kuɗin nan, kuɗinka sun shiga. Sun shiga ne da sunan mai POS ba tare da lambar rancenka ba, sai na'ura ta rasa inda za ta kai su ta jefa su wani asusu da muke ce wa saspens, inda ake jibge kuɗin da ba a gane mai su ba. Aikin jami'inka ne ya ɗauki hoton da ka tura masa ya kai wa masu lissafi su ɗora a kan rancenka, bai yi ba, ya amsa maka da an gani ya ci gaba da sabgarsa. Ita kuwa na'ura ba ruwanta, wata na cika ta fara lissafa kwanakin latti tana ɗora tara, kuma duk wata banki yana tura bayanan masu rance ga kamfanonin da ke ajiye tarihin bashi. Guda uku ne Babban Banki ya ba lasisi, CRC da FirstCentral da CreditRegistry. Su abin da aka aiko musu suke rubutawa, ba su san ka ba ba su san Dawanau ba, shi ya sa ko ka je wajensu za su koma ne su tambayi wanda ya aiko, gyaran na gaskiya daga bankin zai fito.

Yanzu ka sake buɗe hoton rasit ɗin ka zuƙo shi da kyau. Akwai wata doguwar lamba mai alƙaluma 30 da ake kira seshon, ita ce shaidar tura kuɗi tsakanin bankuna, da ita za a gano inda kuɗin suka sauka ko da sunan wa aka tura. In ba ta fito a hoton ba ka nemi yaron POS ɗin ya ciro maka sitetimen ɗinsa na wannan ranar, kai ma ka ciro naka da ke nuna an cire dubu 62 a katinka ranar. Kuma don Allah hirar WhatsApp ɗin nan ka adana ta wuri biyu uku, kar waya ta faɗa ruwa ka shiga uku.

Sannan ka nemi rahotonka daga duka kamfanonin uku ba ɗaya ba, don dokar 2017 ta bayanan bashi ta ba ka damar karɓar rahoto kyauta sau ɗaya a shekara, kuma bankuna sukan duba aƙalla biyu kafin su ba da rance, sai a gyara a ɗaya a manta ɗayan ka sake jin kunya a wani wajen. Ka shigar musu da ƙorafi su ma, za su sa alamar cewa ana jayayya a kan wannan bashin kafin a gama bincike.

Wani abu kuma, ka duba takardun da ka sa wa hannu ko akwai GSI a ciki. Tsari ne da Babban Banki ya fara a Agustan 2020 da ke ba bankin da ya ba da rance damar zarar kuɗinsa daga duk wani asusu da ke haɗe da BVN ɗinka. In akwai, to ka hanzarta rubuta musu kafin wata rana ka tashi ka ga alat ɗin cirewa.

Uwar_Biyu:

Yaya ina maka jaje, na san zafin abin nan. Ni tawa ta manhajar rance ce ta waya, dubu 30 na karɓa lokacin haihuwar 'yan biyuna na biya har da kwana biyu saura, bayan shekara na je neman rancen albashi aka ce sunana ya ɓaci. Abin da na koya kawai shi ne maganar baki ba ta aiki. Wata biyu ina kiran lambarsu kowa ya ɗauka sai ya ce ana kan dubawa Hajiya, ranar da na rubuta takarda na tura ta imel na sa hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC a kwafi sai ga shi cikin kwana huɗu wata mai zaƙin murya ta kira ni tana ba ni haƙuri.

Kai da yake naka banki ne mai ofis, ka rubuta takarda kwafi biyu ka kai da kanka, su buga maka hatimi da kwanan wata a naka kwafin, kar ka yarda da "ajiye a nan za mu kai wa manaja". Ka ce su ba ka lambar bin diddigin ƙorafi, dole ne su bayar. Kuma ka tafi da sanyin rai, kar ka yi faɗa da yaran kanta ba su suka yi ba.

Diyya kam gaskiya ni ban samu ba, takardar ban haƙuri suka ba ni da ta shaidar ba sa bi na komai, ni kuma lokacin na gaji ga goyo biyu, na ce Allah ya isa na haƙura. Amma asarata ba ta kai taka ba.

Barista_KD:

Alhaji sannu da wannan jarrabawa. Abin da Tsohon Akawu ya faɗa duk haka yake, ni zan tsaya a kan tambayarka ta biyu. Amma ka sani ban ga takardunka ba, lauyan da zai riƙe su a hannu shi zai ba ka magana ta ƙarshe.

Eh, doka ta ba ka hanyar neman diyya, ba ma hanya ɗaya ba. Banki yana da haƙƙin kula a kan abokin hulɗarsa, in ya karɓi kuɗinka ya kasa ɗorawa sannan ya kai sunanka a matsayin wanda ya ƙi biya, akwai sakaci akwai saɓa yarjejeniya. Akwai kuma ɓata suna tunda an isar wa wasu da maganar da ba gaskiya ba a rubuce, kuma kai ɗan kasuwa ne, kotu tana ɗaukar zubar da amincin ɗan kasuwa da nauyi. Sai dai a nan za su kare kansu da cewa doka ce ta wajabta musu aika bayanan kuma ba da mugun nufi suka yi ba, shi ya sa abin da suka yi bayan ka sanar da su ya fi komai muhimmanci. Kuskuren Fabrairun 2023 za su iya cewa ajizanci ne. Amma ka kawo musu shaida a rubuce su ci gaba da aika sunanka da ja wata bayan wata, ko su ce ka kawo dubu 90, wannan kuma wani abu ne daban. Da za ka samu manajan ya rubuta maka tayin nan nasa ko a saƙon waya ne, da ka taimaki lauyanka ƙwarai.

Ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda ta ce duk mai riƙe da bayananka dole su zama daidai, kana da ikon cewa a gyara, kuma in an cutar da kai kana iya kai ƙara hukumar kare bayanai ta NDPC ko ka tafi kotu neman diyya.

Inda mutane ke shan mamaki shi ne adadin. Diyya iri biyu ce a kotu. Akwai ta gama-gari, ta kunya da ɓacin rai da zubewar mutunci, wannan alƙali ne ke ƙiyastawa da kansa, kuma sau da yawa lauya zai rubuta miliyan 50 a takardar ƙara a tashi da abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Akwai kuma ta takamaimiyar asara, wato ribar riɗin da ta wuce ka, ita wannan sai ka lissafa ta dalla-dalla ka kuma tabbatar da kowace naira da shaida. Cewa "da na saya da na ci riba kaza" ba ta wadatar ba. Lauyansu zai tambaye ka, ina shaidar cewa saboda wannan rahoton kaɗai aka hana ka? Ina shaidar farashin ranar da za ka saya da na ranar da za ka sayar? Kuɗin sito da dako da ribar bankin da za ka biya ka cire su? Me ya hana ka nemo kuɗi a wani wajen ka rage asarar?

Don haka tun yanzu ka koma wancan banki mara ruwa ka roƙe su takarda ko imel da ke cewa an dakatar da buƙatarka saboda rahoton bashi. Ba kowane banki ke son rubutawa ba amma ka gwada, ko kwafin rahoton da suka ciro mai kwanan wata ya yi amfani. Littafin cinikinka na shekarun baya shi ma shaida ne, yana nuna abin da ka saba samu.

Game da tsari, kar ka fara da kotu. Ka fara da takardar ƙorafi ga bankin, ka ba su wa'adin da Babban Banki ya tsara, sati biyu ne ga yawancin ƙorafi, na rance yakan kai kwana 30. In ba su warware ba ka rubuta wa sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Banki, wato CBN, kana iya miƙawa a reshensu na nan Kano, ka haɗa da kwafin nan mai hatimi da lambar ƙorafin. Dalilin da na ce haka, in magana tana gaban kotu Babban Banki ba zai sa baki ba, alhali su ne suka fi saurin sa a gyara suna a soke tarar. Ƙarfinsu a nan yake, gyara da mayar da abin da aka cira ba daidai ba, kar ka sa ran su yanka maka kuɗin zubar da mutunci. In ka samu takardar da bankin ya amsa kuskurensa, to da ita lauya zai rubuta musu neman diyya, kuma a nan ne mafi yawan irin wannan ke ƙarewa da sulhu don ba bankin da ke son a karanta wannan a bainar jama'a. A Kano akwai zauren sulhu na babbar kotu da ake kira Multi-Door, ya fi sauri ya fi arha. In sulhu ya ƙi, babbar kotun jiha ko ta tarayya duk suna iya sauraron rikicin banki da abokin hulɗarsa.

Malam Kwandala bai yi ƙarya ba a kan daɗewar shari'a, ana iya shekaru. Amma tsakanin biyan dubu 90 da zuwa kotu akwai matakai da yawa da ba sa cin komai sai kuɗin fotokwafi.

Kwandala:

To Barista na ji na kuma janye. Amma tambaya, shi kuɗin diyyar nan daga bankin ruwa ya halatta a ci? Kar a gudu daga wuta a faɗa wata.

Mai_Riɗi:

Malam Kwandala ai ni tun wancan rancen na yi tuba da mai ruwa, shi ya sa ma na koma ɗaya ɓangaren. Na tambayi limaminmu bayan Magariba ya ce biyan ɓarnar da aka yi maka daban ruwa daban, amma in tsaya a kan asarar gaskiya kar in ƙara gishiri. Ni ma ba arziki nake nema da su ba.

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, ga inda aka kwana. Lambar seshon ɗin ta fito a hoton sai dai alƙaluma biyu na ƙarshe yatsana ya rufe su, dariya kamar in yi kuka. Na nemo yaron POS ɗin, ashe ya koma Singa da sana'a, yaron kirki wallahi ya bar shagonsa muka je aka ciro sitetimen ɗin watan gaba ɗaya, ga dubu 62 nan ranar 21 ga Fabrairu ƙarfe 4 da minti 12 na yamma da sunan bankin ɓaro-ɓaro. Na rubuta takarda kwafi biyu kamar yadda Hajiya ta ce, da farko yarinyar kanta ta ce ba su da hatimi a kusa, na ce ba komai zan jira, na samu kujera na zauna har aka yi La'asar sai ga hatimi ya fito.

Jiya manajan ya kira ni da kansa, murya ta canza, yanzu na koma "ranka ya daɗe". Wai sun gano kuɗin a saspens ɗin nan da Tsohon Akawu ya faɗa, za su soke tarar su ba ni takardar shaidar ba sa bi na bashi. Amma ya ce akwai wata 'yar takarda da zan sa wa hannu cewa magana ta ƙare ba ni da sauran ƙorafi a kansu. Na ce zan yi shawara. Barista in sa ko kar in sa? Don shi dattijon da ya tsaya min cewa yake in karɓa in yi shiru tunda sun amsa laifi.

Barista_KD:

Kar ka sa Alhaji. Gyaran suna da soke tara haƙƙinka ne ba alfarma ba, ba a haɗa shi da sharaɗi. Wannan 'yar takardar ita ce diyyar taka gaba ɗaya suke so ka yafe a kyauta. Ka ce su ba ka kwafinta ka kai wa lauya ya karanta, su kuma ba ka amsar ƙorafinka a rubuce da bayanin ranar da kuɗin suka shiga. In daga baya kun daidaita a kan wani adadi ko kai da kanka ka ga dama ka yafe don girman dattijon, sai ka sa hannu da saninka.

Tsohon_Akawu:

Kuma ko sun ba ka takardar kar ka saki jiki. Ka ce gyara za su aika ba "ya biya yanzu" ba, a nuna rancen ya rufe tun Fabrairun 2023 ba latti ko na kwana ɗaya, kuma ga duka kamfanonin da suka tura wa. Ka ba shi kamar sati shida ka sake ciro rahoton ka duba layin watannin nan ɗaya bayan ɗaya da idonka. Wannan karon za ka biya kuɗin rahoton tunda ka cinye na kyauta, ka ajiye rasit ɗin shi ma ka sa a lissafin abin da za su biya ka, amma ka yi masa fotokwafi kafin ya goge.